Mutumin da Bai Durƙusa ba

A duk ƙasar Kurfai ba a yi mutum mai kama kai kamar Ango ba. Bai sunkuya wa maigari ba, bai sunkuya wa komandan ba. Daga baya aka lura ko takalminsa ba ya sunkuya wa, da ƙafa yake laluba shi.

Manomin gero ne a wani ƙauye kusa da Filinge. A can da hauyar tsaye ake noma, mutum yana turawa yana tafiya a miƙe, don haka gona ba ta tona masa asiri ba. Salla kuwa ya koma yi a ɗaka. Mutane suka ce girman kai ne. Ango ya ga girman kai ya fi ciwo daraja, ya karɓa.

Ranar da Haske, matar ƙanensa Manzo, ta rasu, kowa ya durƙusa yana gaisuwa. Ango ya yi tasa a tsaye. Manzo ya dube shi ya ce, "Yaya, ko yau ma?" Daga nan bai ƙara yi masa magana ba.

Sai da tuwo ya fara tsaya masa a wuya 'yarsa Balkisa ta kai shi asibiti a Yamai. Aka yi masa radiyo, wato hoton ƙashi. Likita ta ɗaga hoton, ta nuna yadda ƙashi ya tsiro a gadon bayansa, ya zubo kamar narkakken kyandir, ya haɗe gaɓoɓin tun daga wuya. Ta ce ba ya komawa. Akwai maganin rage zafi, da motsa jiki, da abinci mai laushi. Aikin tiyata sai in haɗiya ta gagara. Ango bai tambayi komi kan magani ba. Ya tambaya ko za a bar masa hoton, akwai wanda zai nuna wa.

Da suka dawo gida, suka iske Manzo ya koma Damana wurin ɗansa. Ango ya ce bayan girbi zai je. Kafin a ɗaure gero aka aiko da rasuwar Manzo.

A bakin kabari kowa ya sunkuya ya zuba ƙasa. Ango yana tsaye, hawaye na sauka a rigarsa. Wani daga baya ya ce ko gawa bai yafe wa ba.

Hoton yana gida, ƙarƙashin tabarma. Balkisa ce kawai ta gani.