Ranar da na shafe ƙofar shagon Baba

Jiya na bi ta layinmu na hanyar babbar kasuwa, Grand Marché, na ƙirga shagon waya har shida a inda da ake sayar da atamfa da gero. Kowa ya sa ƙofar gilashi. Shagon Baba kaɗai ya rage da tsohuwar ƙofar ƙarfe mai ganye biyu, ɗaya shuɗi, ɗaya kuma ba shuɗi ba kore ba, kamar akuyar da ta yi ƙazuwa. Mutane suna tambayata me ya hana mu gyara. To, an taɓa gyarawa. Ni na gyara.

Shekarar da 'yan tawaye suka shigo gari ina ɗan shekara sha tara, ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, kaina cike da Faransanci. Da harbi ya yi yawa muka tsallaka iyaka zuwa garin Kuseri da ƙafa kamar kowa. Layin waya ya mutu, ba mai jin labarin kowa. Da abu ya lafa, ƙafar Baba ta kumbura, sai ya ba ni makulli ya ce in riga shi komawa. Abu biyu ya ce: in duba shago, in share. Bai ce in yi tunani ba.

Kayan ƙarfe muke sayarwa, kwado, ƙusa, fitila, buta, fenti. Na tarar an ɓalle ƙofar an kwashe abin da aka iya ɗauka, ƙusoshi warwatse har bakin titi. Ramin harsashi uku a sama. Amma abin da ya fi ɓata min rai, duk jikin ƙofar an cika shi da rubutun gawayi, daga sama har ƙasa, wani a kan wani. Na ga ajami ne. Ni da ajami kuwa tun ina ɗan shekara goma muka rabu ba sallama. Na ce a raina addu'o'in tsari ne tsofaffi suka rubuta, kuma ga shi ba su tsare komai ba.

A ƙarƙashin kanta na samu gwangwanin fenti shuɗi da ɓarayi suka manta. Nan take na ga kaina: Baba ya dawo, ya tarar da shagonsa ya fi na kowa kyau a layin, ya rungume ni a gaban jama'a. Na wanke ganyen hagu da sabulu tas. Kafin in zo na dama hannuna ya gaji, na watsa masa ruwa kawai na bi da fenti. Ramukan harsashi na toshe da siminti. A sama na rubuta Quincaillerie Moderne, wato shagon kayan ƙarfe na zamani, da manyan baƙaƙe, har na ja layi a ƙasa. Daga baya malaminmu ya nuna min na ci harafi ɗaya.

Kwana biyu ina zaune a benci ina jiran yabo. Na lura mutane suna zuwa, su tsaya, su kalli ƙofar, su kalle ni, su wuce jiki a sanyaye. Na ɗauka kyau ne ya kashe musu baki. Telan da ke maƙwabtaka da mu, wani tsoho Balarabe, da ya dawo ya daɗe yana kallo, ya ce "da shunu?", wato mene ne wannan. Na yi masa bayanin zamani. Ya ɗauki kan kekensa na ɗinki ya shige.

Rana ta uku Baba ya iso yana ɗingishi, tare da wata mata da goyo. Na san mijinta, wani dogo ɗan Maraɗi mai sayar da fata, kullum da hantsi yana shan shayi a bencinmu. Ranar da aka fara harbi ita tana gidan suna a unguwar Milezi, shi yana kasuwa, tun ranar ba su haɗu ba. Ta duba sansanin 'yan gudun hijira na Kuseri, ta duba asibiti, ta duba inda ba na son faɗa. Sai wani ya gaya mata ya ga mijin da idonsa yana rubutu a ƙofar Baba.

Ashe abin da ke ƙofar ke nan. Duk Bahaushen da ke wannan yanki ya san koriyar ƙofar Baba, nan ake ajiye saƙo tun kafin a haife ni. Da waya ta mutu, kowa kafin ya gudu sai ya biyo ya rubuta inda ya nufa da wanda yake nema.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta kalle ni ta ce, "Ƙanena, mi ƙohwar ta yi maka?"

Na juya na kalli Baba.

Baba bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya tambaye ni wane ganye na wanke, na nuna. Ya ce ɗayan fa? Na ce na gaji. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau lalacinka ya yi rana."

Ya sa na kawo kananzir da tsumma. Ina goge ganyen dama fentin yana fita da gawayin tare, baƙi da shuɗi suna zuba a hannuna, sai kalma ɗaya nan, rabin suna can. Rana ta take, tela ya fito ya kama mana, matar tana tsaye ta ƙi zama. Baba shi bai goge ba, tafin hannunsa yake bi da shi a kan ƙarfen kamar mai neman ƙurji. Ya ce mutumin dogo ne, a duba sama. Ya hau benci da kumburarriyar ƙafarsa, ya shafa, ya tsaya. Mijin bai samu gawayi ba, ƙusa ya tsinta a ƙasa ya karce. Fentina ya cike layukan amma yatsa yana jin su.

Na goge wurin a hankali. Baba ya karanta: yana unguwar Abena gidan mai gasa nama na bayan masallaci, an harbe shi a cinya amma da sauƙi, a gaya wa maiɗakinsa.

Sai a lokacin ta zauna, a ƙasa, ba a benci ba. Baba ya tare mata taksi. Da yamma aka aiko cewa ta same shi.

Sauran saƙonnin kuwa sun tafi da ruwan sabulu. Baba ya ce tunda ni na shafe, ni ne ƙofar yanzu. Ya zaunar da ni a benci, duk wanda ya tsaya yana kallon shuɗin fenti sai in tashi in gaishe shi, in tambaye shi me ya rubuta, ko wa yake nema, in tafi da ƙafa in kai. Wata guda ina yawo tsakanin Milezi da Abena. Wasu na haɗa su. Wani tsoho ya zo sau huɗu yana neman ɗansa, ban taɓa samo masa komai ba, kuma har yau ban san ko amsarsa tana ganyen hagu ba.

Bara ƙanena ya kawo mai gilashi ya auna ƙofar. Baba ya bar shi ya gama awo tsaf, ya ba shi shayi, sannan ya ce a tambayi injiniyan da ya yi gyaran farko. Duk suka juyo suna kallona. Na ce a bar ta haka.