Rana Mai Faɗin Faifai

A unguwar Ataba, ƙofar shagon wani mai gilashi, ga wata dattijuwa tsaye, Bahaushiyar Sudan, cikin lulluɓin da wanki ya cinye wa launi. Faifai ne a hannunta, ba kuwa na sayarwa ba, na awo ne. Taga take so a huda mata a rufin ɗaki daidai faɗinsa. Benayen maƙwabta sun toshe ta ko'ina, in ji ta, maigidanta Malam kuma yana kwance, har ya daina bambance safe da yamma.

Mai shagon yana lissafo mata: fasa kankare, gilashi mai kauri, maganin yoyo. Kowanne sai ta ce, "Tamam, na yarda, ɗana." Ka san an daɗe ana tarin kuɗin.

"Hajja, akwai rodi tsaitsaye a saman rufin naku?"

"Akwai mana. Jikinsu nake ɗaura igiyar shanya."

"Ma'alish, yi haƙuri, mai benen zai ɗora wani hawa ke nan. Tagarki daɓen wani za ta zama."

Ta ɗora faifan a ka, tana kare ranar da ta zo saye, ta kama hanyar gida.