Ƙullin Majanyi Ya Kusa Raba Ni Da 'Yata

A lokacin da abin ya faru ni malamar Islamiyya ce a Sabon Birni, da goyon 'yata ta fari, ina ɗauke da ciwon sukari tun ina budurwa. Da na samu cikinta, likita a Sakkwato ya ɗora ni a kan wata na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Tana tura maganin sukari da ake kira insulin a hankali ta wani siririn bututu zuwa ɗan tsinken roba da ake cusawa ƙarƙashin fata a manne. An koya mini komai, har an ja mini kunne kada in manna shi inda nake ɗaura zane. Lokacin da nake da ciki a cinya nake sawa. Bayan na haihu sai na mayar da shi saman cibiya, ina ganin na kauce wa zane. Majanyi bai taɓa zuwa mini a rai ba.

Aka yi rasuwa a gidan surukaina a Kamarawa, muka tafi zaman makoki. Ni mace ce mai kunyar tsiya, ban taɓa bari dangin mijina sun ga na'urar ba. Gida cike da mata, ga aikin tuwon baƙi, na goya yarinyar na ja majanyi na ƙulle tamau, ƙullin kuwa daidai kan tsinken. Da hantsi na'urar ta fara ƙara. Mata suka waiwayo, wata gwaggo ta tambaya ko wayar wace ce take kuka a gidan mutuwa. Na zura hannu cikin hijabi na kashe ƙarar. Ta sake yi, na sake kashewa, ko leƙa abin da ta rubuta ban yi ba.

Kafin azahar ƙishi ya dame ni, ina ta zarya zuwa bayi, sai amai. Matan suka fara zolaya ƙasa-ƙasa, wai malama ta yi kwanika, ga goyo ga sabon ciki. Wallahi zolayar ta fi ciwon ƙona mini rai, sai na ƙara daurewa don kada a ce laulayi ne. Da na samu na keɓe na gwada jinina, sukari ya hau sosai. Na danna na'ura ta ba ni ƙarin magani, na koma bakin murhu hankali kwance. Ashe ko ɗigo ba ya shiga jikina. Allurar hannu da aka ce kada in rabu da ita kuwa tana can Sabon Birni, a jiƙaƙƙen yashin gindin randa inda nake ajiye ta don sanyi.

Uwar mijina ce ta lura numfashina ya sauya. Ta kwance mini goyo da hannunta, ta ga bututu, ba ta tambayi komai ba, ta ce maza a kira ɗanta. Ya buga wa likita waya, likita ya ce idan an ba da ƙari sukari bai sauka ba ga kuma amai, to magani ba ya isa jiki, a kai ni asibiti mafi kusa ba jira. A kan babur aka kai ni asibitin garin Isa, wata ƙanwar mijina tana riƙe da ni ta baya. Ban san shigarmu ba.

Da na farfaɗo, ledar ruwa na rataye a kaina, mai jinya ta nuna mini tsinken da ta cire, ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ta ce jinina ya riga ya fara lalacewa, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Na waiga na ga 'yata a bayan uwar mijina, ɗaure da majanyina, tana kukan nono. A nan na fashe da kuka, don na ga yadda za ta tashi da ban farka ba. Tsohuwar ta ce da ni makoki ɗaya ya ishi gidanta, in abin nan ya ƙara kuka ko a gaban wa nake, in tashi in duba shi.

Yanzu a cinya ko gefen ƙugu ta baya nake mannawa, nesa da duk wani ƙulli. Idan sukari ya hau ba dalili, nakan bi bututun da yatsa in duba lanƙwasa ko kumfar iska, in sauya tsinken, in yi allurar hannu yadda likita ya tsara mini, kuma ba na fita ko nan da kasuwa ba tare da ita ba. 'Yan uwana masu irin wannan lalura, musamman masu goyo, ku lura da inda majanyi yake zama, ku kuma sanar da na kusa da ku abin da kuke ɗauke da shi. Na'urar ta gaya mini gaskiya har sau biyu, ni na rufe mata baki don kada mata su waiwayo, saura ƙiris su taru zaman makokina.