Malam Rabiou, Mai Tace Yashin Bakin Ruwa

Da an sallame asuba, Malam Rabiou yake fitowa daga ɗakin da suke kwana su takwas a unguwar Al Buteen, can ƙasar Larabawa, manjagara a kafaɗa, rariya a hannu. Tafiyar minti goma ce zuwa bakin ruwan Deira, amma a 'yan shekarun nan sai ya tsaya sau biyu a hanya, ya dafe kwankwaso.

Wurin aikinsa fili ne na siminti. Duk shekara idan zafi ya sauka, wani kamfani yakan turo tifofi su juye yashi a kai, a kafa laimomi, wurin ya koma tamkar gaɓar teku. Bayan wata uku a kwashe komai, kamar ba a yi ba. Tun 2002 wannan dattijo mutumin Tasawa ke baje yashin, yana tace shi kullum kafin jama'a su iso, yana tsince guntun taba da murfin kwalba da ƙayar kifi.

Mika'ilu direban tifa ne ya ba da labarin abin da ya faru a 2006. Saura kwana biyu a buɗe wurin aka kawo yashi. Rabiou ya cusa hannu a ciki, ya fito da yatsa yana jini. Ashe yashin cike yake da fasasshen gilashi.

Shugaban aikin ya leƙa, ya ce, "Yalla, maza baje shi haka nan. Wa zai gani?"

"Chef, shugaba, yara ba takalmi suke shigowa."

"Khalas, ya isa! Kana son bizarka ko ba ka so?"

Mutum tara ne ke ci daga hannun Rabiou a gida. Can ya ce, "Ina so, chef. Amma ba ni baje wannan."

Ya durƙusa ya fara tacewa da rariya, lodin tifa bakwai a gabansa. Mika'ilu ya kashe mota ya kama masa, wasu lebura huɗu suka biyo baya. Kwana uku suka yi a rana, suka cika bokiti biyu da gilashi, suka ajiye a ƙofar ofis. Aka jinkirta buɗewa da kwana ɗaya. Ba a kore shi ba, ba a kuma ce masa sannu ba.

Yanzu likita ya ce bayansa ba zai ƙara ɗaukar shebur ba. Da Mika'ilu ya je gaishe shi, murmushi ya yi, ya ce, "Bon, to, na gaji, ɗan'uwa. Shekara bakwai ina gyara abin da za a kwashe. Ko hotonsa ban da shi."

Malam Rabiou, kai ne ka sunkuya don 'ya'yan wasu su yi gudu. Dubban mutane sun kwanta a kan aikinka, ba wanda ya tambayi sunanka. Mun gode, mai amana. Allah ya huta gajiya, ya kai ka gida lafiya.

Mu kuwa da muka rage, kowa da ɗan aikin da aka damƙa masa. Mu riƙe shi kamar yadda ya riƙe nasa, ko da ba mai dubawa. Jirginsa na komawa gida ranar Alhamis ne. Wanda ya samu sarari ya leƙa masaukinsa. Ya ce kada kowa ya wahalar da kansa da tsaraba, a dai zo a zauna a sha shayi.