Zoben Jirgin Ƙanena

Ƙarfe tara da kwata na safe, mu uku ne a bakin gulbi ta wajen Fakku: ni, da ƙanena mai ƙetarar da mutane, da kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ke zaune a gindin giyayya yana kallonmu. Ni mai walda ne a Tambuwal. Ƙanena ne ya aika in zo in kafa masa zoben ƙarfe a jirginsa don ɗaure babura, saboda wani babur ya taɓa zamewa a tsakiyar ruwa ya danne ƙafar wata mata.

Jirgin ba na katako ba ne. Tsohon jirgin faiba ne, irin mai kama da roba mai tauri, da ya saya a hannun wani, fentinsa duk ya koɗe. Na tarar ya riga ya gwada kafa zoben da ƙusa, yadda ya saba yi wa kwalekwale.

Na ce, "Wa ya buga wannan?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya. Ai in ta sha ruwa sai ta kama."

"Katako ke kumbura ya riƙe ƙusa. Wannan tsagewa yake yi."

Kawu ya yi dariya. "Ka ji mutanen Tambuwal. Ƙusa ma sai sun yi mata wa'azi."

Na fara aiki. Da farko na bi dandamalin jirgin ina ƙwanƙwasawa da gindin guduma. Inda yake da lafiya, ƙarar tana fita tsaf. Inda ruwa ya shiga, sai ka ji ta mutu. Tsakanin fatar faiba ta sama da ta ƙasa akwai siririn falanki, kuma a gefen dama ya ruɓe kamar jiƙaƙƙen kwali. Na huda wurin, na ƙwaƙule ruɓaɓɓen da lanƙwasasshiyar waya, na bar rana ta busar da shi. Bayan azahar na cika ramin da gam mai ƙarfi. Sai washegari, da ya yi tauri, na sake hudawa ta cikinsa, na sa farantin ƙarfe mai faɗi daga ƙasa, na zura dogayen ƙusoshi masu noti suka ratsa har farantin, na ɗaure tamau.

Kawu ya dawo ganin ƙarshen aikin. Ya kama zoben ya jijjiga, ko motsi bai yi ba.

Gonar Kawu tana ƙetaren gulbi. Bijimin huɗa ɗaya ya rage masa, ɗayan ya mutu da bazara, kuma da na maƙwabci yake haɗa shi ya yi noma. A wajenmu ba a sa bijimi cikin jirgi. Iyo yake yi a gefe, mai shi yana zaune a ciki riƙe da igiyar a hannu. In bijimin ya firgita sai a saki, ya fita inda Allah ya nufa, wani lokaci a same shi, wani lokaci ruwa ya tafi da shi. Yatsun Kawu kuwa sanyi ya kama su, ba sa damƙa sosai.

Ya ce, "Ɗana, wanga zobe shina riƙe bijimi?"

Na ce, "Zai riƙe, Kawu. Shi ya sa ba za a ɗaura masa bijimi ba."

"In shina riƙewa, mi ya hana?"

"Hannu yana saki in abu ya ɓaci. Zobe ba ya saki."

Ya kalli yatsunsa. "To ni sakin nika tsoro."

Na maimaita wa ƙanena a gabansa cewa zoben na babur ne da kaya, abin da ba ya da rai. Ya ce ya ji.

Da marka ta kankama na koma don in duba ko notocin sun sassauta. Hanyar Kebbe ta ɓaci, na iso mashiga, jirgi ya riga ya tashi. Gulbi ya cika, ruwan ja wur. Daga bakin gaɓa ina hango kan bijimin a gefen dama, ina kuma hango hannuwan Kawu biyu a kan gwiwoyinsa. Da na ga hannuwan babu igiya, na san inda take.

Na ɗaga murya, ƙarar inji ba ta bari sun ji ba. A tsakiyar ruwa wani kututture ya taho ya bugi bijimin a wuya. Ya juya da ƙarfi zai koma baya, igiya ta miƙe. Gefen jirgin ya sunkuya, ruwa ya shiga, mutane suka ruga ɗaya gefen, sannan ya kife. Masunta suka kai ɗauki, suka tsamo ƙanena da sauran. Kawu sai washegari aka samu gawarsa a cikin ciyawa, can ƙasa da mashigar.

Da aka jawo jirgin gaɓa, bijimin yana ɗaure a jikinsa, ya mutu. Na duba zoben. Yana nan daram, ko tsaga babu a kewayensa.

Bayan sadakar uku na tambayi ƙanena yadda aka yi. Ya ce ya ga lokacin da Kawu ke ƙulla igiyar, jirgi cike da mutane, ya kasa buɗe baki ya hana ƙanen uwarsa a gaban jama'a. Ya ce cikin fasinjojin ma akwai waɗanda suka gani. Ya roƙe ni in cire zoben. Ban cire ba, domin babura suna nan suna ƙetarewa, kuma ƙafafun mutane suna kusa da su. Na dai ƙera masa kube na kafa a gefen zoben, na sa wuƙa mai kaifi a ciki don yanke igiya.

Kai da ke karanta wannan, in ka shiga jirgi a kowace mashiga ka ga an ƙulla igiyar dabba mai iyo a jikinsa, kada ka jira mai jirgi, wataƙila dattijon da ya ƙulla ubansa ne ko kawunsa. Ka yi magana tun ana bakin gaɓa, ka ce a kwance, in hannun mai ita ba ya da ƙarfi ka karɓa ka riƙe masa. Sannan ka sa kawunmu a addu'a.