Mai Jego a Bakin Gulbi

A unguwarmu ta Bungudu, in mace ta haihu, Inna Hanatu ake aika wa. Ita ke dafa ruwan wanka da darbejiya, ta dama kunun kanwa, ta zuba garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwantar da mai jego. Katanga ɗaya ta raba mu, na san halinta sarai: muryarta sanyi, amma in ta ce kwanta, ko uwar miji ba ta isa ta ce tashi ba.

Ɗiyar garin Tsafe ce, aure ya kawo ta. A gidansu da jini ake alfahari. In wuƙa ta yanke su, kafin a yago tsumma ya tsaya. Wanzami ma mita yake yi, wai jininsu daskare masa yake a ƙaho. Sai dai jego yana cin matan gidan. Mahaifiyarta ta rasu kafin arba'in, ƙafa a kumbure, numfashi ya sarƙe. Yayarta Uwani ma haka. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige su, don sun yi saurin tashi. Hanatu ta riƙe wannan magana, ta girma tana kwantar da mata.

Da la'asar, muna tsintar shinkafa, takan ba ni labarin mafarkin mahaifiyarta da Uwani da take yi. "A gindin duwatsun Tsafe nake ganin su da damina, suna ratsa gero ba takalmi, raɓa har gwiwa. In ce ku zauna ku huta, sai su yi murmushi su wuce." Ni da bakina ba ya shiru, nakan ce wa ya taɓa ganin mamaci da gajiya.

Ɗiya ɗaya Allah ya bar mata, Muzdalifa, tana aure a Gusau. Da ɓari ya yi mata yawa, mijinta ya kai ta asibiti. Likitar ta tambayi tarihin gidansu, ta auna jini, ta ce ƙwayoyin da ke tsayar da jini ne suka cika zumuɗi, suna dunƙulewa ko ba rauni, kuma daga iyaye ake ɗauko abin. Aka ɗora ta a kan magani, ciki ya zauna, ta haifi namiji.

Ranar da aka kawo ta wankan gida ina tsakar gidan. Garwashi ya riga ya yi ja.

"Inna," in ji Muzdalifa, "likita ta ce in riƙa tafiya kullum. Doguwar kwanciya ce ke sa jinin ya daskare a ƙafa, ya haura ƙirji."

"Ta uku kike so in binne?"

"Don kada ki binne ni ne, Inna."

Hanatu ta zauna a gaban garwashin har ya zama toka. Can ta ce, ba da kowa take ba, "Uwani ta roƙe ni ta ɗan taka, ƙafarta na mata nauyi. Ni na mayar da ita, na lulluɓe ta." Wallahi tausayinta ya kama ni.

Washegari da hantsi sai ga mai jego a waje, Hanatu na riƙe da hannunta, sun nufi bakin gulbi a hankali. Mata suka leƙo ta zaure, aka yi ta gulma, wai tsufa ya taɓa mata kai. Ba ta ko waiwaya ba. Kullum haka, har aka yi arba'in Muzdalifa ta koma Gusau da ƙafarta.

Da la'asar ɗin ranar Hanatu ta ce mini ta sake ganin su a cikin geron.

"Kin ce su zauna?"

"A'a. Na ce Uwani, yi ta tafiya."