Saiwar da Garba ya kawo mani

Salamu alaikum. Masu tambayar ina Baba Danladi masunci ya shige tun kafin azumi, ga ni, ban mutu ba. Ni ban yi boko ba, ɗiyata Hadiza ke rubutawa, kuma na ce kar ta gyara mani magana.

Gwiwa ce ta hana ni shiga kwalekwale.

Ƙanena Garba yana gadi a wani injin shinkafa inda 'yan China ke aiki. Shekara shida ba mu magana saboda iyakar fadama. Rannan ya zo da wata baƙar saiwa da wani ɗan China ya ba shi, wai maganin gwiwa ce. Na ƙi fitowa. Ya tsaya bakin zaure ya ba mai ɗakina saƙo.

Ta ce, "Malam, ya ce shafawa ake yi, kar a kai baki. Yana son ya yi maka bayani."

Na ce, "Garba zai koya mani saiwa? Ni na goya shi."

Na jiƙa ta a tulu kamar yadda babanmu ke jiƙa kowace saiwa, na sha da safe.

Kafin hantsi leɓena ya mutu. Harshe kamar ba nawa ba. Sai amai, sai zuciya ta riƙa tsalle tana tsayawa. Na ji tsoro, wallahi.

Asibitin Argungu suka ce a wuce Birnin Kebbi. Garba ne ya rungume ni a bayan mota, yana ta faɗin, "Yaya, kar ka yi barci."

Aka manna mani wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa. Kwana tara.

Likita ta dubi ragowar saiwar ta ce, "Baba, guba ce. Can China ma masana ke sarrafa ta, a dafa ta awanni kafin a ba mai ciwon gaɓɓai. Kai ka sha ta ɗanya."

Garba ya yi ta kuka wai shi ya kashe ni. Na ce, "Kai, yi mani shiru, ka faɗi, ni ne ban fito ba."

Jama'a, maganin da ba na ƙasarku ba, kar ku yi mashi jiƙon gida. Ku tambayi likita. In an sha an ji baki ya mutu, a ruga asibiti da ragowar a hannu.

Na gode wa Allah, da likitar, da masu addu'a.

Iyakar fadama har yau tawa ce. Amma jiya da Garba ya yi sallama, da sandata na rarrafa na buɗe mashi da kaina.